Shirun da Likita Ya Ɗora wa Babana

Jiya da safe na jefa citta da kanumfari a tafasasshen ruwa, tururin ya bugi fuskata, sai kawai na ga kaina a tsakar gidanmu, a ƙauyenmu da ke kusa da Bunkure. Ƙamshin nan ne ya cika gidan tsawon rani guda, shekarar da muryar Baba ta shaƙe.

Babana malamin firamare ne, kuma ajinsa yana dab da kanal, babbar magudanar ruwan noman rani. In rani ya yi, aka dasa tumatir da albasa, injinan ban ruwa sukan kwana biyu ba su huta ba, shi kuwa sai ya ɗaga murya ta fi tasu. Masu tsinkar tumatir ma suna tsokanarsa, wai sun haddace jadawalin lissafi ba tare da sun shiga aji ba. Yana jin daɗin wannan tsokanar, ni ma ina jin daɗinta, don in ana zancen muryar Malam sai in ji kamar da ni ake.

A hankali muryar ta fara kaushi, ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa. Kowa a garin ya zama likita. Wannan ya kawo zuma, wancan ya ce a ƙara masoro, wata tsohuwa ta aiko da jiƙon bagaruwa. Baba ya shanye duka, ya koma aji ya ci gaba da ihu. Da abin ya ƙi, ya tafi asibiti a birni. Likita ya leƙa maƙogwaronsa ya ce jijiyoyin muryar sun yi kanta, irin wadda fartanya ke yi wa tafin hannu. Magani shi ne shiru na sati shida. Ba magana, ba raɗa, don raɗa ma wahalar da maƙogwaro take yi. In ya kiyaye, zai koma aji. In bai kiyaye ba, sai dai ya nemi wani aikin.

Ka san mutanenmu da gaisuwa. Mutum ya ce maka sannu ka ɗaga masa hannu kawai, ai ka zage shi. Baba ya rubuta bayani a ƙaramin allo yana yawo da shi, amma rabin masu gaishe shi ba sa karanta boko. Cikin sati biyu aka daina tsayawa a ƙofar gidanmu. Yakan je bakin kanal da hantsi ya zauna shi kaɗai yana kallon ruwa. Ban taɓa ganin mutum cikin kaɗaici irin nasa ba, kuma ban san me zan yi masa ba.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan batun Iya, mahaifiyarsa. Idanunta sun daɗe da mutuwa, da murya take gane kowa. Kullum da safe Baba yakan durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, su taɓa hira. Yanzu sai ya zo ya durƙusa ya riƙe hannunta, shiru. Mahaifiyata ta yi mata bayani ya fi a ƙirga, Iya ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin maganin da ke hana ɗa gaida uwarsa ba. Abin da ya ƙara dagula lissafi, kafin ciwon da 'yan kwanaki ta ba Baffa, ƙanin Baba, filinta na noman rani. Sai ta sa a ranta fushi ne.

Ta rage cin abinci. Furar da ake dama mata sai ta yini a rufe. Ran nan da safe, saura sati biyu wa'adin ya cika, ina shara a kusa, Baba ya riƙe hannunta kamar kullum. Ta zare hannun a hankali.

"Malam," ta ce, don ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, "in filin ne, a karɓo maka. Ni dai kada in mutu kana gaba da ni."

Baba ya sunkuyar da kansa. Sannan na ji wata murya siririya, mai tsatsa, wadda na kusa mantawa.

"Iya, ina kwana? Kin tashi lafiya?"

Ta fashe da kuka, ta shafa fuskarsa, ta ce a kawo mata furarta. Tun daga ranar bai sake yi mata shiru ba. Kullum sai sun yi hirarsu, ita tana tambaya, shi yana amsawa yana tari. Da damina ta faɗi Allah ya yi mata rasuwa. Muryar Baba kuwa ba ta dawo ba. Aka ɗauke shi daga aji aka ba shi ajiyar littattafai a ofishin hedimasta, inda ya ƙare aikinsa yana jin wani malamin yana koyar da ɗalibansa ta bayan bango. Ban taɓa jin ya ce ya yi da-na-sani ba.

Yau ni ma malami ne, a wata makaranta wajen Madobi, ina haya a ɗaki guda, iyalina suna birni. Zamani ya canza. An ba mu ƙaramar lasifika ta ratayawa, an koya mana shan ruwa a kai a kai da yadda ake fitar da murya daga ciki ba daga wuya ba. Duk da haka tawa ta shaƙe a bana, likita ya ɗora mini shirun sati biyu. Na aika wa kowa saƙo ta waya, kowa ya amsa da Allah ya ƙara sauƙi.

Na cika kwanakin nan cif, ko uffan ban ce ba. Likita ya duba ya ce na warke sarai, har ya yaba mini, wai da wuya ake samun malami mai haƙurina. Na yi masa godiya kawai. Ban gaya masa ba cewa a sati biyun nan babu wanda ya rasa muryata har ya kasa shan fura.