Dilar da Na Zaɓa da Hannuna

Mu masu sayar da gwanjo, abin da ba mu gani ba muke saye. Dila takan zo ne a matse tamau, an zagaye ta da ƙarfe, ta ƙetaro teku ta hau tirela har Mubi, kuma wanda zai sayar miki shi kansa bai san cikinta ba. Akwai 'yar takarda a jiki mai cewa kayan yara ne ko na mata, amma takardar nan ba ta jin kunyar ƙarya. Sai kin biya, kin kai gida, kin sa filaya kin datse ƙarfen, sannan ki san ko dariya za ki yi ko tagumi.

Na daɗe ina wannan sana'a tare da wata mata mutuniyar Muchalla, Kirista ce, ta ɗan girme ni, shi ya sa nake ce mata Adda, wato yaya da Fulatanci. Ita kuma Maman Biyu take ce mini saboda tagwayena. Ni iyayena daga ƙasar Katsina fatauci ya kawo su, amma a nan aka yanke mini cibiya. Rumfarmu ɗaya a kasuwa. Ni ce mai baki da ciniki da faɗa da masu taya kaya da rainin hankali, ita ce mai haƙurin wanki da guga da maye maɓallin da ya fita.

Muna da wata al'ada da ba wadda ta tuna wa ya fara ta. Kowace za ta sayi dilarta, amma a tsakar gidana ake fasa su, a zazzage duka a tabarma ɗaya, mu sa hannu mu cakuɗa su har a kasa gane na wa ne, sannan mu zauna a yi ɗauki in ɗauka. In wata ta yi sa'a mun yi tare, in ta kwaso tsumma mun kwaso tare. Sauran 'yan kasuwa suna mana dariya, wai mun mai da sana'a cin tuwon biki. Mu dai muna barcinmu lafiya a daren da za a fasa dila, su kuwa ba sa yi.

Sai shekarar nan ta zo da 'yan bindiga suka shigo gari. Ba zan tsaya a kanta ba, kowa a Mubi yana da nasa labarin. Mun gudu da ƙafa ta kan duwatsu, mun dawo mun tarar rumfa ta zama toka. Adda kuma rufin gidansu ya ƙone. Sai da sanyi ya sake zagayowa, ana shirin Kirsimeti, sannan muka iya tunanin sayen dila. Ni keken ɗinkina na sayar da 'yan kunnen aurena. In dilar nan ta ba ni kunya, ba ni da abin da zan sake ɗagawa, sai dai in zauna a gida ina jiran abin da 'ya'ya za su miƙo, ni da ban saba miƙa hannu ba.

Mijin Adda birkila ne, mutum mai tafin hannu kamar bayan tukunya, wanda bai taɓa cin abin da bai yi wa gumi ba. Shi ya ba ta jarin, daga aikin gyaran gidajen mutane. Ana gobe za mu saya ya zo har ƙofar gidana, ya gaishe ni da ladabi, ya ce wannan karon yana roƙon kowa ya riƙe tasa. Cakuɗa kaya, a cewarsa, abin lokacin yalwa ne, yanzu kuwa yara suna kwana ƙarƙashin tamfol. Gaskiya ya faɗa, amma ni zuciyata ba ta da nisa. Na ce masa to madalla, dama ni ma na gaji da ɗaukar nauyin wasu. Allah ya sani ban taɓa ɗaukar nauyin kowa ba, baki ne kawai ya riga ni.

A shagon mai dila, guda biyu ne suka rage masu takardar kayan yara. Na sha gaban Adda na ce ni zan fara zaɓa. Na zagaya su, na danna, na shinshina, na ɗaga gefe don jin nauyi, ina yi ina kallon mijinta ta wutsiyar ido don ya san shekarun da na yi a sana'ar ba a banza ba ne. Na dafa wadda ta fi ƙiba na ce wannan. Adda ta ɗauki wadda na bari.

Duk da haka a gidana muka sauke su, don ƙafa ta saba, sai dai kowace da tabarmarta. Ta Adda aka fara fasawa. Ƙarfen yana tsinkewa dilar ta kumbura ta buɗe, sai ga rigunan yara mata masu baza, wandunan jins ƙanana, rigunan sanyi masu laushi, wasu ko takardar shago ba a cire musu ba. Lamba ɗaya zalla, kuma ana saura 'yan makonni Kirsimeti. Na rangaɗa mata guɗa da gaske, don na yi mata murna. Mijinta yana tsaye bakin zaure yana murmushi, ya ce hannun matarsa akwai albarka.

Aka datse tawa. Kala dai ba a magana, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, yadi mai kauri, wasu da gashi a ciki, ɗinki mai kyau kamar ba hannun mutum ba. Na ɗaga guda na juya ta, na sake juyawa. Hannuwan ba a kafaɗa suke ba, a ƙirji suke, kusa da juna. Baya dogo, ciki a buɗe, ga wata 'yar huda a bayan wuya. Na ɗauki wata, haka. Na tona har ƙasa, duk haka.

Adda ta ce wataƙila na yara masu rarrafe ne, tunda Turawa komai sai sun yi masa kayansa daban. Na ce haka ne ma, ai na taɓa ji, alhali ban taɓa ji ba. Muka kamo jikata mai rarrafe muka zura mata wata ja. Yarinya ta zauna hannuwa a miƙe gaba kamar mai roƙon a ɗauke ta, cibiya a waje, bayan rigar yana jan ƙasa. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta fashe da kuka. Muka juya rigar gaba ta koma baya, abin ya ƙara lalacewa.

A nan ne mijin Adda ya matso. Ya karɓi rigar ya duba, na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Ya nufi turke ya kamo ɗan akuyata, ya zura masa ƙafafun gaba a hannuwan, ya manne abin mannewa a ƙarƙashin ciki. Riga ta zauna ɗas kamar tela ya auna. Ɗan akuya ya girgiza, ya taka cikin tsakar gida da jar riga mai hula, yana tafiya ɗaɗɗaya kamar sabon ango.

"Hajiya," in ji shi, yana share hawayen dariya, "kayan karnuka ne kika saya."

Ya ce lokacin da yake aikin gini a Abuja ya ga karen wani Bature da irinta, hudar bayan wuyan nan ta igiya ce. Karen har likitansa gare shi, kuma naman gwangwani yake ci.

Ban taɓa dariya irin ta ranar ba. Adda ta kwanta a kan tabarma tana bugun ƙasa. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, yara suka cika zaure, uwar ɗan akuyan ta ƙi yarda ya matso kusa da ita. Muka riƙa zaro su muna nunawa: ga ta ruwan sama, ga mai aljihu, ga wata da aka yi wa kwalliya da duwatsu masu ƙyalli. Har da 'yan takalma ƙanana a ɗaure huɗu-huɗu. Na ce wa Adda ta duba, wannan gwanjo ne fa, wato karen ya sa ya gaji, an saya masa sabuwa.

Ina cikin dariyar ne abin ya sauko mini a ƙirji. Kekena da 'yan kunnena ne ke yawo a bayan ɗan akuya. Wa zai sayi rigar kare a Mubi, garin da mutane suka dawo da kayan jikinsu kawai? Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji kunya, don da bakina na ce kowa ya riƙe tasa.

Ni kuwa in tsoro ya kama ni faɗa nake nema. Na ce wannan duniya ba adalci a cikinta, a ce kare yana da rigar ruwa da ta sanyi, babban jikana kuwa a zanena na naɗe shi muka kwana a kan dutse. Mijin Adda ya ce ba haka ake duba abu ba. Mutanen can sun yi aiki ne, sun yi karatu, sun ƙera injuna, ba sa zaman inuwa, abin da suka tara ya ishe su har ya kai ga karnukansu. Shi a ganinsa duk inda ka ga dukiya, in ka tona za ka tarar da gumi a ƙarƙashi.

Na ce ban musa ba, na san akwai malalata, wasu ma dangina ne, kuma na san shi da hannunsa ya gina duk abin da yake da shi. Amma ya gaya mini wane Bature ne ya fi surukarsa, mahaifiyar Adda, aiki, tsohuwar da take hawa dutse da fartanya tun kafin rana ta fito, ta tara duwatsu ta tare ƙasa don ta shuka dawa, kuma har ta tsufa zanenta bai wuce na sawa da na wanki ba. In gumi ne ke kawo riga, ai ita ya kamata a aiko wa dila, ba ni ba. Ya ce wannan kuma tsarin Allah ne. Na ce to ya tsaya a guri ɗaya mana, gumi ne ko tsarin Allah? Ya ce duka biyun. Na ce karen fa, wanne ya yi a ciki? Yaran da ke zaure suka kwashe da dariya, shi ma ya dara, amma bai janye ba. Ya ce ko a nan tsakar gidan ga misali: matarsa mai haƙuri ce, ba ta gaggawa, shi ya sa hannunta ya faɗa kan mai kyau.

Duk wannan Adda tana ninke rigunanta. Sai ta ajiye wadda ke hannunta ta dubi mijinta. Hausarta irin ta mutanen dutse ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Baban yara, hannuna bai yi komai ba. Maman Biyu ne ya zaɓa. Ni abin da ya bari na ɗauka. Da ya dafa wannan, da yanzu ni ne mai kayan kare, kai kuma kana nan kana cewa ba ni da haƙuri."

Ta miƙe ta kama bakin tabarmarta da hannu biyu, ta ja ta har gefen tawa, ta ɗaga. Rigunan Kirsimeti suka zubo a kan na karnuka.

Na ce mata a'a, mun yi magana, ga rufin gidanta. Ta ce rufi zai jira, damina da saura. Na dubi mijinta, ina jiran ya ce a kwashe. Ya daɗe yana kallon tulin, yana murza tafin hannunsa. Daga nan ya ce shi dai har gobe yana nan a kan bakansa game da Turawa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin tabarmar, ya zura manyan hannuwan nan har gwiwar hannu ya fara juya kayan kamar yana kwaɓa siminti.

Na so in yi masa tsiya, amma sai ga hawaye suna zuba ban iya tare su ba. Adda ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce in bar kukan nan in zauna, rana tana yi, kuma wannan karon ita za ta fara ɗauka.