Fentin da Yaya Ya Yi wa Injin Baba

Tun ina yarinya akwai wani ƙaton ƙarfe a bayan ɗakin girkinmu a Suleja, mai ramuka takwas, huɗu ta nan huɗu ta can. Bulok ne, wato gangar jikin injin mota. Akuya muke ɗaurewa a jikinsa. Ramukan kuwa ɓeraye sun mai da su gidan gado, ga kashin kaji, ga ruwan wanke-wanke. In damina ta yi nisa sai na toshe hanci nake wucewa.

Baba kaɗai ke ganin mutuncinsa. Ya ce na wata motar Amurka ne mai ƙofa biyu, ta Baturen injiniyan da ya yi wa direba lokacin da ake gina Abuja. Wai in ta yi ruri a Madalla, 'yan Gauraka na ji. Da injin ya buga aka sa wani, Baturen ya bar masa wannan. Abokansa na majalisa suka mai da labarin abin tsokana. "Alhaji, a ba mu na mai rurin nan mana!" Yana taya su dariya, amma na san abin na cin sa.

Wani ɗan hayarmu, Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, shi ya tsuguna wata rana ya kankare tsatsar da ƙusa.

"Baba, dis tin no be small tin o. Lamba yana nan. Akwai wani oga a Abuja, yana tara tsohon mota. In ya karanta lamba, zai faɗa maka wace mota, wane shekara."

Baba ko kuɗin bai tambaya ba. Ya ce a kawo mutumin, ya kuma gayyaci majalisa kaf su zo su ji da kunnensu.

Sai Yaya ya shigo ciki. Babban wana ne, tsofaffin firji yake sayarwa, kuma a iliminsa ba a nuna wa mai saye kaya sai an yi musu kwalliya. Iya yi dai kamar a kansa aka sauke. Ya bari Baba ya tafi ta'aziyya, ya ɗauko a-kori-kura da ƙarti, aka kai bulok wurin mai walda a Gauraka. Aka dawo da shi yana ƙyalli da fenti ruwan azurfa kamar ƙofar shago. Wallahi warin da yake yi a da ya fi min wannan.

Mutumin Abujan ya zo, dattijo mai gilashi. Ya durƙusa ya shafa gaban bulok da yatsa, ya shafa baya. Ya sa aka wanke fentin wurin da fetur. Sumul.

"Wa ya gurje nan?"

"Ni na sa, ranka ya daɗe," in ji Yaya, har da murmushi. "Wasu zane-zane ne suka ɓata wurin."

Garin neman gira an rasa ido. Ji na yi kamar in kwaɗa masa muciya.

Dattijon ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Alhaji, ka yi haƙuri. Ramuka takwas har manyan motocin kaya suna da su. Lambar ce shaida. Ba zan ce ba ita ba ce, ba kuma zan ce ita ce ba. Yanzu sai dai 'yan gwangwan su auna shi a sikeli."

Na zaci 'yan majalisa za su fashe da dariya. Da ma sun yi. Sai suka hau duban ƙasa, suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Yaya kuwa ya raka baƙon har mota yana cewa, "Amma dai ai ya yi kyau, ko?" Tir.

Daga nan tsokanar ta mutu. Bayan wani lokaci na kai wa 'yan majalisa ruwa ƙofar gida, na ji babban aminin Baba yana cewa a hankali, cikin tausayi, "Alhaji, an kwana biyu ba mu ji labarin motar nan ba."

Baba ya karɓi kofin.

"Wace mota?" ya ce.