Lemon Konduga

An sallame ni daga aiki saboda na yi wa matattuna Fatiha a gidan cin abinci. Da aikin ya tafi, ɗakin da nake kwana da tsohuwata ma ya tafi.

Ƙauyenmu yana bayan Konduga. Yaran daji suka shigo, suka kashe waɗanda suka kashe. Na goyo uwata muka shigo Maiduguri, aka kai mu sansanin 'yan gudun hijira. Sansani bai karɓe ta ba. Ga tari, ga sauro, ga layin abinci da ba ta iya tsayawa a kai.

A lokacin gari ya cika da ma'aikatan agaji da fararen motocinsu. Wata Hajiya 'yar Kano, wadda ta daɗe a ƙasashen waje, ta buɗe musu wurin cin abinci a unguwar manya. Itace na kai gidan ranar da ta fara ganina. Ta dubi tsagen fuskata, ta dubi tabon da ke wuyana, ta ce irina take nema. Aikina tsayawa a ƙofa da tarbar baƙi. Ta ba ni ɗaki a bayan janareta. Yana da ƙofa da sakata, ruwa ba ya zuba. Na ɗauko Ya, haka muke kiran uwa a wurinmu. Ba a jima ba tarinta ya lafa.

Gidan kuwa sai wanda ya gani. An kife turame, su ne kujeru. An liƙa faifai da ludayi a bango. An rataye wani tsohon keke a saman rufi, ban taɓa sanin dalili ba. Mu mun gudo mun bar irin kayan nan, ita ta bi sansani tana saye. Ni ma aka karɓe rigata mai kyau aka ba ni tsohuwa, wai ta fi dacewa da wurin.

Burabusko ake kawowa a tsakiyar ƙaton akushi, bai fi loma ba, da ganye guda a kansa. Su ɗauke shi hoto ta gaba da ta gefe kafin su ci. A gidanmu idan ka ba baƙo wannan, sai ya tambaya ko ya yi maka laifi.

Abin sha shi ne babban ciniki. Mai haɗawa wani Kirista ne daga kudancin Borno, dattijo kamata, ya yi aikin otel kafin rikici. Kowane lemo da sunan garin da aka ƙone. Na Konduga tsamiya ce da citta da ƙanƙara, an soka masa 'yar ƙaramar lema a bakin kofi. Wanda yake son giya a ciki ba ya cewa giya. Sai ya ce a sa masa ƙarfi, a kawo masa a butar shayi. Saboda dokar hana fita, da rana tsaka ake sha. Ban taɓa ganin masu son shayi da azahar irin na gidan nan ba.

Sai Hajiya ta ƙaro mini aiki. Duk teburin da ya sayi lemon Konduga, in je in ba su labarin gudunmu. Na je teburin farko na ce sun zo, mun gudu, ga mu. Hajiya ta ce ya yi gajere, in ƙara. Na ƙara da cewa akwai rana sosai a hanya. Mai haɗa lemo ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce da ni ne mai wa'azi a cocinsu da kowa ya isa gida da wuri. Haka na riƙa yi. Ina faɗin hanya, da ƙaya, da ƙishirwa. Mutanena ban taɓa ambata ba. A wurinmu ba a ambaton mamaci a wuce. Idan ka kira shi, sai ka yi masa addu'a, duk wanda yake wurin kuma ya ɗaga hannu.

Wata rana wani Alhaji ɗan kwangila, mai kai hatsi sansanoni, ya zo da baƙi daga Abuja da wata Baturiya. Butoci suka cika teburin. Aka kira ni. Na faɗi hanya da ƙaya. Alhaji yana so ya burge baƙinsa, ya katse ni.

"Baba, bar zancen ƙaya. Su wa aka kashe maka?"

Tunda ya tambaya, na faɗa. Matata. Ƙanena da ɗansa. Limaminmu. Na kira su ɗaya bayan ɗaya, sannan na ɗaga hannu na ce, "Fatiha."

Masu kai abinci suka ajiye tire a inda suke. Direbobi a bakin ƙofa suka ɗaga hannu. Mai haɗa lemo ya kashe kiɗa ya sunkuyar da kai. Alhaji kofi na hannunsa. Ya rasa inda zai kai shi, ya tura ƙarƙashin tebur, ya tuntsure masa a babbar riga. Warin ya tashi, ba warin shayi ba ne. Wani ya yi sauri ya kurkure baki da ruwa. Wani kuma hannunsa ya tsaya a rabi, bai hau ba bai sauka ba. Aka shafa. Daga nan babu wanda ya ƙara taɓa buta a gidan ranar. Teburi bayan teburi suka nemi ruwa, suka tashi. Baturiyar ce kawai ta zauna tana share hawaye, ta shanye nata.

Washegari Hajiya ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce Baturiya ta yaba ƙwarai, za ta kawo abokan aikinta. Sunayen nan su ne labarin da ta daɗe tana nema, in riƙa faɗinsu a kowane tebur.

"Amma Baba, addu'ar ka riƙa yi a zuciya. Nan wurin hutawa ne, ba zaman makoki ba."

Na ce in koma labarin ƙaya. Ta ce ƙaya ba ta sayar da lemo. Ko sunaye babu Fatiha, ko in ba ta makullin ɗaki.

Na je na samu Ya. Ɗakin nan don ita nake riƙe da shi, sai na gaya mata yadda aka yi, na ce duk abin da ta ce shi zan yi. Ta daɗe tana kallon sakatar ƙofar. Sannan ta ce, "An binne su babu salla. Yanzu kuma a sha lemo da su babu Fatiha?" Ta fara naɗe tabarma.

Mai haɗa lemo ya raka mu bakin titi. Ya ba ni tsohuwar kular sanyaya lemo da Hajiya ta yar, ya ce in rage citta, hannuna yana da nauyi.

Na ji an ɗauki wani tsoho a gurbina. An ce tabonsa ya fi nawa girma, labarinsa ya fi tsawo, har kuka yake yi idan tebur ya cika.

Yanzu ina unguwar Gamboru, nan cikin Maiduguri, ina sayar da ruwan tsamiya a bakin kasuwa, babu lema. Wani ɗan kasuwa ya bar mana zaurensa. Ba shi da ƙyaure, buhu na rataya. Tarin Ya ya dawo.