Daga Garwa Zuwa Rai Buba Neman Giyar Kwanta

Mota ɗaya ce, katkat, wato mai ja da tayoyi huɗu, ta yi wata biyar a ƙofar gidana ba mai saye. Mai saye ɗaya ya samu, Alhaji Bubakari mai fataucin shanu a Gider, kuma kwana uku ya ba ni, Laraba zuwa Juma'a. Sharaɗinsa guda: kwanta, wato agogon da ke ƙirga kilomita, ya yi aiki. "Motar da agogonta ya mutu, mai ita na ɓoye wani abu," in ji shi. Ni dillali ne, sunana ne jarina.

Hamadu makanike ya shiga ƙarƙashi, ya kwance ƙusa ɗaya a jikin akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya. Ya zaro wata 'yar giya ta roba, haƙoranta sun cinye tas. Babu irinta a Garwa. Aka ce akwai gawar mota irin tawa a Rai Buba.

Laraba

Biyar da rabi na asuba muka tashi, ni da Hamadu, a motar haya. A shingen Ngong jandarma ya riƙe takarduna minti ashirin. Bayan Lagdo kwalta ta ƙare, ramuka suka fara. Muka isa Rai Buba uku saura kwata, ƙugu kamar ba nawa ba.

Gawar motar na bayan gidan wani mahauci, kaji na ƙwai a kujerarta. Hamadu ya zaro giyar, lafiya lau.

"Maigida, biyu ne fa," ya ce. "Uwarta na can cikin akwatin, jikin sandar da ke juya ta. Taku ma ta lalace. In ba a canja su tare ba, tsohuwar za ta tauna sabuwar."

"Awa nawa?"

"Wuni guda nan, wuni guda Garwa."

"To Juma'a za ta jira mu? Ɗauki ƙaramar mu tafi."

Ya dube ni, ya sa ta aljihu. Mahaucin ya ba mu tabarma da tuwon dawa, muka kwana.

Alhamis

Tun shida muka juyo. Gada ta cika da ruwa, muka zauna awa uku a bakinta. Magariba muka shiga Garwa. Hamadu ya ɗaura giyar cikin minti goma, na ɗan ja motar, allurar agogon ta motsa. Na yi dariya, shi bai yi ba.

Juma'a

Bakwai daidai na kama hanyar Gider. A Pitowa allura na tsaye cak a sittin. Kafin Figil ta fara rawa. Ta yi tsalle sau biyu, ta kwanta. Na tsaya gefen hanya na buga gilashin agogon da yatsa, na roƙe ta kamar mutum.

Alhaji Bubakari ya shiga, ya ja motar zuwa ƙarshen layi ya dawo. Bai ɗaga murya ba.

"Kai ka ce mini a waya an gyara."

"Wallahi Alhaji, an gyara, a hanya ta..."

"Allah ya kawo wata kasuwa." Ya miƙo mini makulli.

Na dawo Garwa da magariba, na gode Allah da ya kawo ni lafiya. Lissafi: kwana uku sun tafi, giyar da na wahala a kanta ta zama gari, motar na nan inda take. Alhaji kuwa tun ranar bai sake ɗaga wayata ba.