Kifayen Alhaji a Ɗakina

Ba ni da iƙama, takardar izinin zama. Na zo Hajji na zauna. Abin da na mallaka shi ne ɗaki a ƙarƙashin bene, a wani tsohon gida a gindin dutse, bayan unguwar Misfala a Makka. Ina shara da wanke-wanke, ana barina in kwana. Mai gidan, Alhaji, a nan aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. Mahaifiyarsa, Hajiya, ita ce ta riƙe Sakkwatanci.

A tsakar gida akwai birka, wato kududdufin siminti, da kifayen ado a ciki: jajaye ƙanana, da manya masu zane da yake kira koi. Ba a cin su. Tun farko wannan bai kwanta mini ba.

Sanyin Makka ba wani sanyi ba ne, amma da shi ruwan sama ke zuwa. In ya sauka, daga dutse yake gangarowa da laka. Wata shekara ya cika birkar har aka tsinci kifi a bakin ƙofa. Da sanyi ya zagayo, Alhaji ya shigo da ƙatuwar roba da injin da ke hura kumfa.

"Ya Hala," in ji shi, wato inna da Larabci, "a ɗakinki za su zauna. Ƙofarki da tudu, ruwa ba ya shiga."

"Saman bene fa?"

"Akwai yara. Halas, shi ke nan, ɗan lokaci ne."

Na san ɗan lokaci. A gidan da na fara zama, kwalaye aka fara ajiye mini, sai firiza, sai na ga kayana a titi. Na matsar da katifata.

Ba a jima ba ruwan robar ya yi fari-fari, yana wari. Kifayen suka taso sama suna buɗe baki. Na rage ruwan na ƙara sabo, ya sake ɓaci. Ƙarami ɗaya ya mutu, sai wani.

"Me kike ba su?" in ji Alhaji.

"Abin da ka ba ni."

"A birka ba sa mutuwa." Ba ni yake kallo ba, ɗakin yake kallo.

Mai zama ba takarda ba sai an yi faɗa da ita ba. A ce ta tashi, ta tashi. Na zargi direban gidan, wanda ke nema wa ƙanwar matarsa wurin kwana. Na zargi matar Alhaji. Na zargi Alhajin kansa.

Ran nan bayan azahar na ɗaga murya na ce zan tafi Harami. Na buga ƙofar waje, na dawo na laɓe bayan tankin ruwa. Na jira direba. Sai na ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Hajiya ce, da faranti a hannu. Ta tura ƙofata, ta yi bisimilla, ta juye ragowar shinkafa cikin robar, da mai da yaji da komai.

"Hajiya!"

Ko gezau ba ta yi ba. "Ke, ɗiyar nan, ashe Haramin naki bayan tanki yake?"

"Shinkafar ce ke kashe su."

"Ƙarya. Shekara da shekaru nike ba su. Ni'imar Allah ba a zuba ta cikin shara."

Gaskiyarta, a birka ta saba zubawa. Can ruwa da yawa, nan roba ce. In na gaya wa Alhaji, na ɗora wa uwarsa laifi ke nan, kuma na san wadda za ta bar gidan.

Na miƙa hannu. "Ki riƙa ba ni. Ni ma baki gare ni."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Yunwa kike ji a gidan ɗana?"

"Ina ji."

Ba na ji. Amma kullum bayan azahar farantin yana zuwa, wani lokaci har da tsokar kaza a ɓoye. Ina cin abin da zan iya, sauran in kai wa tattabaru a bakin hanya. Ruwan ya washe. Babu wanda ya sake mutuwa.

Da ruwan sama ya ɗauke, Alhaji da direba suka mayar da kifayen birka. Ɗaki ya zama nawa. Sai dai da suka fitar da robar, Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mashallah, ashe ɗakin nan da faɗi."

A ranar na baje kayana har bango, ban bar fili ko na tabarma ba.