Matar da Ta Ɗauki Allin Tela

Tela bai san matar nan ba. Riga ta kawo ya gyara mata hannu, amma tun da ta zauna a benci idonta na kan hular da yake yankawa. Tabaraunta ɗaure yake da zare, gwiwar hannun rigarta ta sha gugar tebur har tana ƙyalli. Malamar jami'a ce, in ji shi a ransa, irin masu manta tukunya a kan wuta.

Ko izini ba ta nema ba ta ɗauki allinsa tana zane a wani ƙyalle.

"Malam, me ya sa kake yanke gefen nan?"

"Ai kai ba tebur ba ne, Malama. Yadi ba ya kwanciya a kansa sai an rage."

"Nawa kake ragewa?"

"Hannu ne ya sani."

Ta yi dariya har da buga cinya. "Ni shekara tara ina wannan lissafin, kuma jibi zan kai shi gaban manya. Sararin samaniya ne yadina. Taurari duka mukan ɗauke su kamar ruwa marar danƙo, nauyinsu ke lanƙwasa shi."

Tela ya tsayar da almakashi. "To a kan wa kike gwadawa?"

"Matsalar ke nan," ta ce. "Kai daga waje kake awo. Mu muna cikin hular."

Har ta tafi yana juya ƙyallen a hannu, ya kasa jefa shi a shara.