Kwalabe Sittin a Hanyar Kano

Shekara arba'in ina haɗa turaren wuta a unguwar Gwange ta Maiduguri, ba wanda ya taɓa ce mini ga jari. Sai a tsakiyar rikicin nan, lokacin da bukukuwa suka ja baya, matan da ke saye a wurina rabi sun gudu, rabi suna neman abin da za su ci, wata Hajiya mai shaguna a Kano ta kira ni a waya. Ta shaƙi turarena a jikin wata baƙuwa. Ta ce in kai mata kwalba sittin. In ya karɓu, za ta zuba kuɗi, ta kama mini wuri, in ɗauki mata su yi aiki a ƙarƙashina.

Na ce, "Ki zo ki ga yadda nake yi mana."

Ta ce, "Maiduguri? Iya, ina da 'ya'ya ƙanana."

To mu namu 'ya'yan duwatsu ne? Na haɗiye, don ina so.

Na sayar da akuyoyina biyu, na shiga Kasuwar Kwastam na sayo sandal da kajiji da farce da mai. Turare irin nawa ba a gaggawa da shi. In an soya an zuba a kwalba, sai a toshe baki da leda, a ɗaure da tsumma, a bar shi kwana arba'in yana shan kansa. Ranar da aka buɗe, ranar ya fara tsufa. Haka na koya wurin kakata.

A lokacin ban daɗe da fara zuwa ajin yaƙi da jahilci ba, hannuna yana ƙaiƙayin rubutu. Na yanka takardu, na rubuta KADA A BUƊE da manyan baƙaƙe, na manna a kowace kwalba. Ni a tunanina saboda 'yan lodi a tasha ne.

A shinge na farko bayan fita gari aka sauke mu duka, aka fito da kaya. Wani mai kaki ya buɗe kwalina, ya karanta, ya ja da baya kamar ya taka maciji.

"Mama, wa ya ba ki wannan?"

"Ni na haɗa."

"Ke kika haɗa!"

Direba ya dafe kai. "Kaka, a wannan zamanin za ki ɗaure kwalba da tsumma ki rubuta kada a buɗe? So kike a kwantar da mu a kwalta?"

Aka tsayar da ni nesa da mutane, na buɗe su ɗaya bayan ɗaya a cikin rana. Sittin. Na ce, "Ɗana, ka ji ƙamshin guda uku, sauran ma 'yan uwansu ne." Ya ce umarni ne. Wata fasinja tana cewa, "Allah Ya saka miki, Kaka, yau hanya ta yi ƙamshin ɗakin amarya." Ban yi dariya ba.

Ban ga laifin mai tsoron ransa ba, mun binne mutane da yawa. Amma da aka gama, me zai hana ya ba ni 'yar takarda cewa an duba? Babu. Na yage rubutun, amma tsummokaran suna nan, shinge na gaba aka sake, na gaba ma haka. Wani wurin har da tona ciki da tsinke. Kafin mu wuce Potiskum na daina ɗaurewa. Kuma a rediyon motar wani babba yana ta kiran masu zuba jari su zo, wai ƙofa a buɗe take. A buɗe kam!

A Kano Hajiya ta sa aka kawo kasko, ta barbaɗa, ta jira. Ta sake barbaɗawa.

"Iya, ba wannan na ji a jikin matar nan ba."

Na faɗa mata komai. Ta tausaya, har ta ba ni abinci. Sannan ta ce, "In kowace tafiya haka za a yi, kuɗina iska zai sha. Ko za ki dawo Kano da zama?"

Na ce a Yerwa, wato Maiduguri, aka haife ni, ban tashi don bam ba, ba zan tashi don shago ba.

Ta ɗauki goma don kunya. Hamsin na komo da su, na sayar cokali-cokali a ƙofar gida.